Fitila a Sa'o'in Tsada

Petit Havre, Cape Breton
3 ga Disamba

Murdo nawa,

Gaisuwa mai tarin yawa daga bakin teku zuwa dajin da ya haɗiye min miji. Ina fata kana lafiya, kuma tarin da ka tafi da shi ya sake ka. Ni lafiyata ƙalau, in ban da hanci da ke ɗiga kamar famfon kicin ɗinmu. Mamanka ma tana lafiya. Ta zo jiya bayan coci, ta shafa yatsa a gefen taga ta duba, ta sha shayi ta ce ya yi salam.

Kada ka ce me ya hana ni jiran kiranka. Wayar sansaninku ɗaya tal, ga ƙarti a layi suna gyaran murya a bayanka, ni kuwa kafin in gama gaisuwa lokacinka ya ƙare. Ka yi min alkawarin wasiƙa a filin jirgi, kuma ban yafe ba.

Bayan haka, farashin hunturu ya shiga tun farkon wata, ga ni ina rayuwa kamar jemage. Daga bakwai na safe zuwa tsakar rana wuta tsada, daga huɗu na yamma zuwa sha ɗaya na dare tsada. Wato duk lokacin da ɗan Adam ke son shayi, ko wanka, ko haske. Sai mutanen kirki sun yi barci sannan ta yi araha. Asabar da Lahadi ne kawai nake zama mutum, tunda araha ce yini guda. Ranar Asabar na dafa miyar kifi da madara tukunya guda, na toya burodi, na yi guga har da abin da bai yamutse ba.

Hitar bulon da ka sa aka girka a falo kuwa mun fara sabawa. Na raɗa mata suna Saniya. Da dare tana kiwon wutar araha har bulon cikinta ya yi zafi, da rana ta kwanta tana tuƙa, tana huro min ɗumi a ƙafa. Gabanta nake zama da littafi.

Ban manta da yarjejeniyarmu ba, kada ka sake maimaita min. In gidan kakanka ya fitar da mu hunturun nan bai cinye albashinka ba, mun zauna ke nan. In ya gagara, in rufe shi in koma ɗakin ƙasa na Mama a cikin gari, in ƙanƙara ta narke a kafa masa allon sayarwa. Murdo, ɗakin nan tagarsa daidai tayar mota take. Ni da nake farkawa in ga teku. Ba za ka ji ƙorafina ba, zan bi ƙa'ida sau da ƙafa.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. A littafin da ke hannuna akwai matar wani kyaftin ɗin jirgin ruwa da ke ajiye fitila a tagar bene kowace magariba, don in mijin ya dawo ya hango gida tun daga nesa. Tagar benenmu hanyar tudu take kallo sak. Ɗazu na kunna, na tsaya ina kallon ta, sai na ji kamar mitar wuta tana harara ta ta cikin bango. Na kashe. Ka ce in kunna mana, ko na ɗan lokaci.

Taka, mai jira,
Odile

*

Sansanin ma'aikata, arewacin Alberta
11 ga Disamba

Dilly,

Gaisuwa. Ina lafiya, tari ya tafi. Abinci da yawa, barci kaɗan. Sanyin nan busasshe ne, gashin hanci yake daskarar wa mutum. Ki gai da Mama da ƙanwata Noreen.

Batun fitila, babu mai hango ta sai barewa. Ni sai ƙarshen Fabrairu. Ki bari.

Wanki da busarwa bayan sha ɗaya. Tukunyar ruwan zafi na saita ta, kada ki danna komai. Saniyar taki ma kada ki taɓa maɓallanta. Tana da hanci a bangon baya, ɗan farin akwatin nan da ke sama. Shi ke sansano sanyin waje ya gaya mata yawan wutar da za ta sha cikin dare. In sanyi ya yi tsanani ta sha da yawa, in da sauƙi ta sha kaɗan. Ta fi ni da ke sani.

Ana raɗe-raɗin rage ma'aikata bayan sabuwar shekara. Ba tabbas.

Ki sa safa biyu.

Murdo

*

Petit Havre
21 ga Disamba

Maigidan safa biyu,

Ina gaishe ka, ina kuma murna da tafiyar tari. Ni ma hancina ya bushe. Mama lafiya, Noreen lafiya, ƙanwar taka ta rina gashinta ja, mijinta ya ce sai ka ce an kunna wa tsintsiya wuta.

Wasiƙarka ta zo. Na karanta ta a tsaye, na karanta ta a zaune, har na ɗaga ta ga hasken taga ko akwai wata kalma mai daɗi da ta maƙale a tsakanin layuka. A littattafai, in miji ya yi nisa yakan rubuta cewa ya ga fuskar matarsa a cikin wata. Nawa ya ga safa. To, na sa. Na gode.

Ga albishir, don ka san ba zaman karatu kawai nake ba. Injin Noreen na shagon gyaran gashi ya lalace, na karɓi wankin tawul ɗinta. Litinin da Alhamis take kawo min buhuna, ta ce, “Ke da kike gadin dare kamar mujiya, ai gara ki ci riba.” Ina zubawa bayan sha ɗaya kamar yadda ka ce, injin busarwa ya yi ta juyi har asuba. Allah ya yi maka albarka da ka hauro min da shi ɗakin baya da rani. Da har yanzu yana ƙasa wurin gizo-gizo, da ban karɓi aikin ba. Abin da take ba ni ina tarawa don kuɗin wuta. Ka ga matar kirki.

Amma Murdo, gidan nan yana da zuciya. Kada ka yi dariya. Wasu ranaku Saniya tana ɗumi har dare. Wasu ranaku kuwa, kafin uku na yamma ta huce kamar dutsen kabari, in taɓa ta in ji ba komai. Na lura da ranakun. Talata ce, ranar da ka tafi. Sai Juma'a, ranar da na fi zuba ido ga motar gidan waya ta wuce ba ta tsaya ba. Ka ce min ba kewa ba ce.

Ranar Talatar nan har numfashina nake gani a falo. Na sa rigarka ta kamun kifi a kan tawa, na zagaya gida, na hau bene na sauko, na ɗauki littafi yatsu suka ƙi buɗe shafi. Daga ƙarshe na hau ɗakin ajiya na cikin rufi na ɗauko ƙaramar hitar kakanka mai jan waya. Na san lokacin tsada ne. Na ce mata kaɗan kawai. Ka san yadda kaɗan yake in mutum ya fara jin ƙafafunsa.

Na yi baƙo kuma: wani toka-tokan muzuru mai yagaggen kunne. Ba ya yarda ya shigo, amma da safe nakan ga sawunsa ya nufi bayan gida. Na sa masa suna Kyaftin. Ina ajiye masa kan kifi.

Kirsimeti a gidan Mama za mu yi. Zan kai fanken nama irin na gidanmu, za ta ce Faransawa ba su san gishiri ba, za ta ci yanka uku. Na saka maka hula, tana tafe a cikin kwali tare da wani ɗan littafi. Ban ce dole ka karanta ba.

Taka,
Odile

*

Sansani
9 ga Janairu

Dilly,

Gaisuwa, da barka da sabuwar shekara. Lafiyata lau. Hula ta zo, ta yi daidai.

Takardar kuɗin wuta ta je gidan Mama, ta karanta min ta waya. Sai da na ce ta sake karantawa. Ta ninka abin da muka yi tsammani, kuma mafi yawa a sa'o'in tsada aka ci.

Ban gane ba. Kin ce gida na sanyi. Mama ta ce duk zuwan da ta yi gidan kamar tanda yake, har rigar sama take cirewa. To me ake yi a gidan nan daga huɗu zuwa sha ɗaya? Wa ake dafa wa abinci?

An sallami mutum biyu a rukuninmu ranar Litinin. Ɗaya na da yara uku. Ba na barci sosai.

Mun yi magana tun kafin in tafi. Gidan ya tsufa, iska na shiga ta ko'ina, ya fi ƙarfinmu. Ƙarshen wata ki rufe. A zuƙe ruwan bututu duka kada su fashe, a kashe babban makunni. Ɗakin Mama a shirye yake, ta ma sa sabon labule.

Kada ki ɗauka da zafi.

Murdo

*

Petit Havre
18 ga Janairu

Murdoch MacAskill,

Ina gaishe ka domin an koya min gaisuwa. Lafiyata ƙalau, tunda ka tambaya, ko da yake ba ka tambaya ba.

“Wa ake dafa wa abinci?” Na zauna da layin nan yini guda. Da farko, ba zan ɓoye maka ba, har wani ɗan daɗi na ji, na ce ashe dutsen nan yana da kishi. Daga baya abin ya koma min fushi. Ni? Ni da nake cin burodi da shayi mai sanyi a tsaye don kada in kunna murhu da yamma? Namijin da ke zuwa gidan nan ƙafa huɗu gare shi da rabin kunne, shi ma a waje yake kwana. In kana da wani zargi ka faɗe shi da sunansa, kada ka naɗe shi cikin takardar kuɗin wuta.

Mama kuwa ba ta yi ƙarya ba, amma ka tambaye ta wace rana take zuwa. Lahadi, bayan coci. Ranar da wuta ke araha yini guda, Saniya na ci tana ƙoshi yadda ta ga dama. Kowa ya zo gidan nan ranar Lahadi zai ce ni sarauniya ce. Ta taɓa taka ƙafarta ranar Talata?

Ban zauna haka ba. Na cusa tsummoki a ƙasan ƙofofi. Na liƙe tagogi da leda har gidan ya koma kamar kifi a firji. Na rufe bene, na dawo da katifa falo. Tagar kicin da ke busa, na toshe ta da tsofaffin littattafaina guda biyu, waɗanda na fi sani da ka, ka san abin da wannan ke nufi a wurina. Duk da haka Talata ta zo ta same ni, Juma'a ma.

Na kira kamfanin wuta. Wata mata mai muryar mura ta ɗauka. Na ce in na rufe gidan, shi ke nan ba biya? Ta ce a'a, akwai kuɗin zaman mita, wanda ake biya kowane wata ko kwan fitila ɗaya bai kama ba, muddin waya na haɗe da gidan. Na ce, “Ko ba kowa a ciki?” Ta ce ko ba kowa. Na ce, “Ashe kamar aure.” Ta yi dariya har da tari. Ni ban yi ba.

To ka ji. Za ka kai ni ƙarƙashin ƙasa in riƙa ƙirga tayoyi, gidan kakanka na nan a duhu, bututu a bushe, kana kuma biya masa kuɗin zama. Kakanka ya yi hunturu nawa a nan da murhun itace ɗaya? Ka ba ni zuwa ƙarshen Fabrairu. Akwai abin da ke damun gidan nan, ba tsufa ba ne. Tsufa ba ya zaɓen rana.

Na ga abin da ka rubuta game da mutanen da aka sallama. Sai a karatu na uku na gan shi, don fushi ya rufe min ido. Ka yi barci, don Allah.

Odile

*

Sansani
25 ga Janairu

Dilly,

Gaisuwa. Ina lafiya. Ina fata ke ma.

Ban ga amsarki ba. An ce guguwa ta hana motar wasiƙu shigowa, wayar ma ta mutu tun makon jiya, wannan wani direba na ba ya jefa min a gari. Na ɗauki shirunki a matsayin kin yarda, ko kuma kina fushi. Ko wanne ne, maganar ɗaya ce.

Na riga na gaya wa Mama. Za ta zo da motar mijin Noreen ranar Asabar, tara ga Fabrairu, su kwashe ki. Ta fara tara kwalaye daga shagon giya. Littattafai ki sa a ƙanana, suna da nauyi.

Ba don ba na son gidan ba ne. A can na koyi tafiya.

Murdo

*

Petit Havre
8 ga Fabrairu, Juma'a

Murdo, Murdo, Murdo,

Gaisuwa a gurguje, lafiya lau, Mama lafiya, tana nan kusa da ni, zan zo kan wannan. Ka zauna kafin ka karanta.

Wasiƙarka ta same ni ranar Litinin. Ashe tawa ba ta kai gare ka ba, ina nan ina ta jiran ka ba ni haƙuri kai kuwa kana can kana aiko min da kwalaye. Na yi kuka, na share, na zuba tawul ɗin Noreen a inji, na ce ko ba komai in bar aiki a gama.

Talata na tashi tun gari bai gama wayewa ba, na kasa zama. Na ce bari in nemi Kyaftin in yi masa sallama, in ga ko zai yarda ya shiga kwali. Na bi sawunsa a kan dusar ƙanƙara har bayan gida, inda ban leƙa ba tun kaka. Ko'ina fari fat har gwiwa, sai wuri ɗaya a gindin bango da ƙasa ke baƙa, a jiƙe. Ga Kyaftin kwance a ciki ya miƙe ƙafafu kamar mai hutu a bakin ruwa da rani. Bisa kansa bututun injin busarwa yana ta huro tururi mai ƙamshin sabulu, don zubin ƙarshe bai gama ba. Na bi tururin da ido. Murdo, ina yake tafiya? Sama yake yi, sak cikin hancin Saniya. Ɗan farin akwatin har gemun ƙanƙara ya yi, yana ɗiga.

Na tsaya da hannuna a cikin tururin kamar wata sakarya. Litinin da dare tawul, Talata sanyi. Alhamis da dare tawul, Juma'a sanyi. Duk daren da nake busarwa, hancin na jin ɗumi, ya gaya wa Saniya ai ƙanƙara ta narke, furanni sun fito, ba sai ta ci da yawa ba. Ita kuma baiwar Allah ta yarda. Ashe ba kewarka gidan yake ba. Na ɗan ji haushin wannan, in gaya maka gaskiya.

Ban taɓa komai ba. Ban kunna ƙaramar hita ba. Na kira Mama na ce, “Mama, kada ki jira Asabar, ki zo yau da la'asar, ki zo da kwalayen.”

Ta iso wajen huɗu, fuska cike da tausayi irin na wanda ya ci nasara. Ta cire takalma a bakin ƙofa, ta taka daɓen falo da safa, sai ta ɗaga ƙafa ɗaya kamar zalɓe.

“'Yar nan, gawa kike ajiyewa a gidan nan?”

“Talata ke nan, Mama. Ke Lahadi kika sani.”

“To ai shi ya sa za mu tafi. Ina tef ɗin liƙe kwali?”

Na ce ta mayar da takalmanta tukuna. Na jefa jiƙaƙƙen tawul a inji na kunna, a tsakiyar sa'o'in tsada, ka yafe min, na ja ta zuwa baya. Ta kalli tururi, ta kalli hanci, ta sake kallon tururi. Na fara bayani ta ɗaga min hannu.

“Na haifi 'ya'ya huɗu, na san abin da ke faruwa in an hura wa mutum ɗumi a hanci. Wane mai basirar ne ya huda bango a nan?”

“Ɗanki.”

“Jinin ubansa. Shi ma ya taɓa kafa mana eriyar talabijin a bayan bututun hayaƙi, shekara guda muna kallon mutane cikin hazo.” Sai ta juyo ta ƙanƙance ido. “Ke kuma kina ina lokacin?”

Kai ma ka tuna. Watan Agusta, kana kan tsani da na'urar huda bango, ni ina riƙe da tsanin da hannu ɗaya, ɗaya hannun na riƙe da littafi, daidai inda yarinyar ta gano wanda ya biya kuɗin makarantarta. Ka ce, “Dilly, nan ko can?” Na ce, “Nan,” ban ɗaga kai ba. Na gaya wa Mama haka. Sai ta ce, “Allah ya haɗa ku, ba mai raba ku, don ba wanda zai karɓi ko ɗayanku.”

Amma ba ta sauka nan take ba, ka san ta. Ta ce tururi ba hujja ba ne, sai ta gani da ƙafarta. Ta ce za ta kwana har Juma'a. Mun duba, ashe mai girkawa ya bar ragowar waya a naɗe a bayan akwatin. Ni na hau tsani da wuƙar shafa man shanu na kwance kusoshin, na zagaya da hancin ta kusurwa zuwa bangon arewa, inda ba tururi ba rana. Mama ce ta riƙe tsanin, hannu biyu, tana cewa, “Ki lura, ni ba karatu nake ba.” Bututun na bar shi inda yake saboda Kyaftin.

Jiya Alhamis Noreen ta kawo buhuna har da ƙari, injin ya kwana yana juyi. Yau tun safe ba wadda ta yi wa wata maganar. Na kasa karatu, na kasa zama, in wuce in taɓa Saniya, in dawo in sake taɓawa. Mama ta ce in na ƙara shafa ta sau ɗaya za ta fara ba da madara. Uku ta yi. Huɗu ta yi. Yanzu shida ta wuce, ina rubuta maka da hannu ba safar hannu, Mama kuwa ta cire rigar sama ta rataye a kujera. Ta dai ce a zuba mata shayi, kuma ba ta ce ya yi salam ba.

Ɗazu ta ce, ba ta kalle ni ba, “Na riga na sa labulen.” Sai na gane ba ni kaɗai ce ke cin abincin yamma a tsaye ba. Na ce ta riƙa zuwa ran Talata ta kwana, ga gado a bene in na buɗe shi. Ta ce za ta duba, wai tana da harkoki.

Kuɗin da aka riga aka ci an ci, na sani, abin da na tara na tawul zai rage wani abu. Takarda ta gaba ce za ta faɗi sauran. Gobe Asabar, motar mijin Noreen ba za ta zo ba, Mama ta kira shi da kanta. Amma gidan naka ne kamar yadda yake nawa, kuma da bakinka muka yi yarjejeniya. Kwalayen suna nan a jingine a baranda, ban mayar ba, ban cika ba. Ina jiran kalmarka.

Taka, mai ɗumin ƙafa,
Odile

*

Sansani
16 ga Fabrairu

Dilly tawa,

Gaisuwa. Ina lafiya, na yi barci. Sallamar ta tsallake rukuninmu a wannan karo.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka zo. Na fara buɗe mai faɗan. Ban taɓa zargin ki da kowa ba. Na ɗauka Noreen da ƙawayenta ne ke tarewa a kanki kullum, kin kasa korar su. Na rubuta shi a karkace. Ki yi haƙuri.

Ta biyun na karanta wa abokin ɗakina wurin tururi, ya faɗo daga gado don dariya. Yanzu duk sansanin Hanci suke kira na. Ke kika ja min.

An gyara waya, na kira Mama don in ji ta bakinta. Na yi layi mai tsawo, ta cinye min lokacin tana ba ni labarin wani kyaftin da matarsa, wai ke kika ba ta aron littafin, wai in kin san ƙarshen kada ki gaya mata. Da ƙyar na samu ta ce gidan lafiyarsa lau, masu shi ne sai addu'a.

Littafin da kika sa min a kwali na kai rabi. Mutumin wawa ne, da ya buɗe baki tun shafi na goma da an huta. Zan ƙarasa.

Ki mayar wa shagon giya kwalayensu. Ki bar ɗaya wa muzurun.

Zan sauka Talata, ashirin da shida ga wata. In hanya ta yi kyau zan hauro tudu wajen bakwai na yamma. Na san lokacin tsada ne. Ki kunna fitilar tagar benen. Ki kunna sauran ma duka.

Naki,
Murdo